Gogen da Ya Sha Man Kaɗe

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na fara kaɗa goge a bainar jama'a ba, kuma ko na so in manta, mutanen Kuyello ba za su bari ba. Har yau in na shiga kasuwarsu sai wani ya ɗaga hanci sama ya shinshina, sauran su fashe da dariya.

Ina saurayi gemu bai gama fitowa ba na shiga hannun Baba Tanko, tsohon makaɗin goge a nan Birnin Gwari. Mahaifina bai so ba ko kaɗan. Ya ce shi bai ga abin da zai sa mai hankali ya bar gonar masara ya rungumi ƙwarya da gashin doki ba. Da ƙyar kawuna ya shawo kansa, bisa sharaɗin cewa in damina ta uku ta zo Baba Tanko bai ce na iya ba, in ajiye shirme in ɗauki fartanya. Na amince da sauri, don a lokacin gani nake wata uku ma sun yi mini yawa.

Baba Tanko ba ya koyarwa da baki. In ka tambaye shi yadda ake wani abu, sai ya dube ka kamar ka taka masa ƙafa, ya ce, "Idon naka na aro ne?" Shekarar farko kaya kawai na ɗauka. A ta biyu aka sa ni cikin 'yan amshi, sannan ya fara miƙo mini wani tsohon goge in riƙa bin yatsunsa. Ga wanda bai sani ba, goge ƙwarya ce da aka rufe da fatar guza, tsirkiyarsa gashin wutsiyar doki ne, haka ma ɗan bakan da ake goga ta da shi.

Akwai wani ɗan dunƙule mai ruwan zuma da Baba yake ajiyewa a aljihu. Kullum kafin ya miƙa wa kowa goge sai ya juya mana baya, ya yi bisimilla, ya goga dunƙulen a tsirkiya da baka. Mu yaransa tuni mun yanke hukunci cewa laƙanin farin jini ne. Yohanna, mai kaɗa mana ƙwarya, har rantsuwa ya yi wai daga can tsakiyar daji aka samo shi, inda ko mafarauta ba sa shiga. (Yohanna bai taɓa wuce gonar babansa ba, amma mun yarda.) Babu wanda ya tambayi Baba. Wa zai tambayi mutum asirinsa?

Ana gab da damina ta uku aka sa bikin yayar Yohanna a ƙauyensu, gaba da Kuyello kaɗan. Saura kwana ɗaya Baba ya kira ni, ya ɗauko gogensa na kansa wanda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai, ya goga masa dunƙulen nan, ya ɗora mini a cinya.

"Gobe kai za ka buɗe fili. Tafi da shi gida hannunka ya saba."

Na san abin da wannan yake nufi. Mahaifina ma ya sani, don da na gaya masa sai ya ce zai je ya gani da idonsa, kuma tun a ranar ya fito da sabuwar fartanya ya jingine a ƙofar ɗakina, wai ko da za a buƙata.

Na yi ta kaɗi har hannuna ya saba. Da safe na ɗaga gogen a hasken rana, sai raina ya ɓaci. Ƙwaryar ta dushe, sandar ta yi baƙi, gashin kuwa duk wani farin gari ya lulluɓe shi kamar an tsoma a buhun alabo. Ga shi an ce an ɗauko mai bidiyo daga Kaduna. Ni kuma na sha ganin masu goge na ƙasashen waje a waya, kayansu na sheƙi. Na ce haba, da wannan ƙazantar za a ɗauke ni?

Inna, mahaifiyata, man kaɗe take sayarwa, matan gefen daji ke kawo mata. Na ɗebo cikin hannu. Na shafe ƙwarya ta yi kyau, na shafe sanda ta yi kyau. Da a nan na tsaya da yanzu ba ni da labari. Sai na sa tsumma na share farin garin nan tas, na bi tsirkiya da baka da mai, sili-sili, har suka riƙa walƙiya. Na ɗan tuna da laƙanin Baba, amma na ce abin da ya shekara arba'in yana shiga ai ya riga ya ratsa. Ban ko gwada ba, don kada yatsuna su ɓata ƙyallin. Na naɗe shi a sabon zanen Inna na rungume a bayan mota, muna ta sukuwa a kan hanyar ƙasa, ni kaɗai ina murmushi.

Da azahar aka buɗe fili, don kowa na so ya koma gida da sauran rana. An cika maƙil a gindin wata ɗorawa: dangin amarya 'yan Gbagyi, matan zumunta na coci da ankonsu, maƙwabta Musulmi, yara a kan rassa. Mahaifina yana gaba ya harɗe hannu. Sanƙiranmu, mai yi mana kirari, ya karɓi makirfo ya wasa ni har na fara tausayin sauran makaɗan duniya. Yohanna ya saki ƙwarya, janareto na ruri a bayana, na miƙe cikin farar riga, na rufe ido (na ga manya suna yi), na ja baka.

Ban ji komai ba. Amma na ce ai ƙarar janareto ce, lasifika kuma tana fuskantar jama'a, su suna ji. Sai na ƙara himma. Na karkata kai, na lanƙwasa ƙugu, na durƙusa da gwiwa ɗaya na taso, yatsuna na gudu a kan tsirkiya. Taken buɗe fili gaba ɗaya na kaɗa, ban tsallake ko gaɓa ɗaya ba. A raina ina cewa yau mahaifina zai san wa ya haifa.

Abin da ya sa na buɗe ido shi ne na ji ƙwaryar Yohanna ta tsaya. Fili ya yi tsit. Mai lasifika yana ta murɗa na'urarsa yana zufa, ya ƙure ta har ƙarshe, abin da ke fita kawai numfashina ne da wani siririn "fuuu" kamar taya na sacewa. Rana ta narkar da man, yana bin gwiwar hannuna yana ɗiga a farar rigata.

Kakar amarya, wata 'yar tsohuwa da ke zaune kusa da ni, ta taɓa ni da sandarta.

"Yaro, ka fara ne, ko kunnena ne ya ƙarasa mutuwa?"

Kafin in amsa wata daga cikin matan zumunta ta ce, "Ni fa ƙanshin man kaɗe nake ji. Wa ke suya a nan?"

Wallahi na roƙi ƙasa ta tsage, ta ƙi. Baba Tanko ya taso a hankali, ya karɓi gogen, ya shafa tsirkiya da ɗan yatsa, ya kai hanci. Ya daɗe yana dubana. Na ce shi ke nan, fartanya ta yi kira. Sai ya miƙa gogen ga sanƙira, ya sa aka ɗauko tsohon nan da nake koyo da shi, ya juya baya ya yi bisimillarsa, ya ja baka sau ɗaya, sauti ya cika fili. Nan take ya ƙago waƙa:

"Goge ya sha mai ya yi barci,
ku tashe shi a hankali."

Ya nuna ni da baka, ya ce, "Amshi!"

Haka na tsaya gaban mahaifina da mai bidiyo, mai na ɗiga daga hannuna, ina rera "ku tashe shi a hankali" da bakina. Matan zumunta suka karɓe, amarya ta fito rawa tana share hawayen dariya, kakar nan ma ta miƙe da sandarta. Mahaifina ya yi ta maza na ɗan lokaci, daga baya na ga kafaɗunsa suna rawa.

Da muka dawo muka sauka daga mota, mahaifina ya tari Baba Tanko ya ce, "To Baba, in tafi da abina gona ko?"

Baba ya laluba aljihu ya fito da dunƙulen nan ya ɗora mini a tafin hannu.

"Ƙaro ne na itacen hano, ga shi nan birjik a bakin daji. Shi ke sa gashi ya kama gashi har ya yi kuka. Farin garin da ka share, shi ne muryar."

Na ce, "Baba, ba laƙani ba ne?"

"Laƙanin me? Baya nake juyawa don kada garin ya shiga idonku." Sannan ya dubi mahaifina. "Malam, bar mini shi. Kowa a wurin bikin nan kunne ya kasa, ni yatsunsa na kalla. Daga farko har ƙarshe bai yi kuskure ko ɗaya ba. Sauti ne kawai babu."

Mahaifina ya ce a dai dawo wa Inna da zanenta. Sai da na yi mako ina bin masu dawaki ina roƙon gashin wutsiya kafin gogen Baba ya sake magana, fartanyar kuwa ƙanena ya gada.

Yanzu ni ke jan ƙungiyar, kuma duk bikin da muka je waƙar nan ake fara nema, ni kuma in kaɗa ta da hannuna. Abin da na koya shi ne, in ka ga tsoho yana yin abin da ba ka gane ba, ka daure ka sha harara ka tambaya, harara ba ta ɗiga a riga. Duk yaron da ya zo koyo wurina, ranar farko nake ɗora masa dunƙulen a hannu in ce, "Wannan ƙaro ne, ƙaro kawai." Sai su gyaɗa kai cikin ladabi. Jiya na ji ɗayansu yana raɗa wa sabon zuwa cewa haka nake faɗa don in ɓoye asirin.