Makullin Motar Baba

Ba zan taɓa mantawa ba da Asabar ɗin da na kusa ƙwace wa wani tsoho motarsa a unguwar Brickfields ta Kuala Lumpur, da rana tsaka, ina sanye da hijabina har ƙasa kamar mutuniyar kirki.

Sai na fara da Baba. Yana saurayi a Jos ya sayi wata 'yar ƙaramar mota ƙirar Ingila a hannun wani Bature mai aikin kuza da zai koma gida. Kujera biyu gare ta, koriya shar, rufinta na tamfol ne da ake naɗewa baya. Ranar da aka haife ni ya ajiye ta a ƙofar asibiti ya ruga ciki, ko da ya fito babu ita babu dalilinta. Yayyena har yau tsokanata suke wai musaya aka yi, aka ba da mota aka karɓo ni, kuma an cuci Baba. Ban taɓa ganinta ba sai a hoto guda mara launi. Amma na san ƙarar injinta, domin Baba yakan kwaikwaya mana da baki, ya lumshe ido, hannunsa na canja giya a iska. Makullinta ya ajiye shekara talatin. Da zan taho Kuala Lumpur karatun digiri na biyu ya ba ni shi, ya ce, "Uwata, riƙe wannan, ki riƙa tunawa da ni." Na haɗa shi da makullan ɗakina.

Ranar da abin ya faru na je sayen kayan miya. Ina ratsa wani lungu sai na gan ta a gaban wani gareji, kusa da mamak, irin shagunan shayi da abincin nan na Indiyawa Musulmi. Koriya, kujera biyu, fitilu zagaye kamar idon kwaɗo. Na tsaya, na matsa kusa da ita. Na shafa ƙofarta, na sunkuya na shaƙi ƙamshin tsohuwar fata da fetur, sai na ji kamar Baba na tsaye a bayana.

Na waiga, ba wanda ke kallona. Na zaro makullin (kada ku tambaye ni dalili, ni ma ban sani ba), na zura a ƙofar, na murɗa.

Ta buɗe.

Ni da nake rubuta kundin bincike kan yadda ake tantance hujja, ban tsaya tambayar kaina yadda mota za ta taso daga Jos ta ƙetaro teku ba. Nan take na tsara labarin gaba ɗaya: ɓarayi, Legas, jirgin ruwa. Na shiga na zauna, na rungume sitiyari ina kuka, ledar tumatir a cinyata.

"'Yata, lafiya?"

Wani tsoho ne Ba'indiye, gashinsa fari fat, riƙe da kofin shayi. Na share hawaye, na tattaro duk Turancin da na mallaka, na sanar da shi cewa motar nan ta mahaifina ce, an sace ta a Najeriya, kuma ga hujja a hannuna. Na ɗaga makullin sama yadda mutanen mamak za su gani (sun riga sun bar abincinsu sun taso). Har da cewa ba na zarginsa, wataƙila shi ma yaudararsa aka yi, amma gara mu je wurin 'yan sanda.

Bai yi fushi ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce in ɗan fito. Na fito da ƙyar, domin motar a ƙasa take, hijabina ya maƙale a giya. Ya kulle ƙofar, ya ciro ƙaramin cokali daga kofin shayinsa, ya goge a riga, ya zura bakin mariƙinsa a ramin makullin. Ƙofa ta buɗe.

"Ramin makullin nan ya cinye tun kafin a haife ki," in ji shi. "Ko da farce buɗewa yake."

Sannan ya ɗauko wani hoto daga aljihun motar: shi da amaryarsa a cikinta ranar aurensu, yana da baƙin gashi da siririn gashin baki. Wani a cikin taron ya fara dariya, saura suka ɗauka. Na so ƙasa ta tsage. Na duƙa ina tsintar tumatir ɗin da ya watse, ina ba da haƙuri da Turanci da Hausa har da guntun Malay ɗin da ban iya ba.

Tsohon ya tambaye ni ko mahaifin nawa na da rai. Na ce yana nan. Ya ce in kira shi.

A Jos gari bai daɗe da wayewa ba. Baba ya ɗauka, na ce kada ya yi magana, ya saurara kawai. Tsohon ya tayar da injin, na kara wayar kusa. Ƙarar ta fito daidai yadda Baba yake yi mana da baki, har da 'yar shaƙewar nan ta farko. Na mayar da wayar kunnena. Na daɗe ina jin numfashinsa.

"Uwata," ya ce daga baya, "ki ce masa ya ƙara taka ta sau ɗaya."

Aka taka. Sannan Baba ya ce, "Ba tawa ba ce. Amma ki gaya masa kafiretonsa na shan mai da yawa, ya sa a duba."

Na fassara. Tsohon ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce matarsa ta shekara goma tana faɗa masa haka.

Ban taɓa gaya wa Baba cewa na yi wa bawan Allah barazana da 'yan sanda ba, kuma ina roƙon yayyena, in sun karanta wannan, su rufa mini asiri. Abin da na koya dai shi ne, in kewar gida ta kama mutum, kowace ƙofa ta buɗe masa sai ya ɗauka tasu ce. Yanzu kafin in kira wani ɓarawo, nakan fara tambaya ko akwai cokali a kusa.