Kyamara a Goshi, Sunan Ɗan Fari a Baki

Ba zan taɓa mantawa da kokawar da aka yi a Gwandu bayan girbin bara waccan ba. Ko na so in manta ma, mutanen gidanmu ba su da niyyar bari na.

Bari in fara gaya muku ko ni wace ce, don ku san daga inda na faɗo. Ni mutuniyar Kalgo ce, sana'ata shinkafa, kuma kowa a unguwarmu ya san ba na tauna magana. Sai da na haura arba'in na shiga makarantar manya. Tun ranar da haruffa suka fara yi mini magana, babu abin da ya sake tsira a gidanmu. Kwalin magani, buhun taki, bayan mota, duk sai na karanta da ƙarfi, an tambaye ni ko ba a tambaye ni ba. (Malam, maigidana, ya ce shi da ya sa ni makarantar, shi ya fi kowa shan wahalarta.)

Abu na biyu da nake alfahari da shi kuwa shi ne kunya. A wajenmu mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi, ba ta ma nuna ta san yana duniya. Nawa tun da aka yaye shi Goggo, mahaifiyar Malam, ta ɗauke shi zuwa Gwandu, can ya girma. Ɗan Goggo nake ce masa. In ya zo Kalgo gaisuwa, zai durƙusa a bakin ƙofa, ni kuma in amsa ina kallon faifai. "An zo lafiya?" "Lafiya lau." Hira ta ƙare ke nan. Lokacin da ya karye a hannu yana yaro, ni na haɗa maganin, amma maƙwabciya na ba ta kai, na ce ta ce daga gare ta ne. Har misali ake yi da ni. In wata yarinya ta rungume ɗan farinta a gidan suna, ni ce mai cewa, "Zamani ya lalace."

To, Ɗan Goggo ya tashi ɗan kokawa. Ni dai a bakin mutane nake ji, ina tsintar shinkafata kamar ba da ni ake ba. A shekarar nan sai wani koci mai zaɓen 'yan kokawar da za a kai sansanin horo ya ji labarinsa. Ya ce ba zai samu zuwa Gwandu ba, amma a ɗauko masa bidiyon karawar da yaron zai yi da wani ƙato na Masama da ake yi wa laƙabi da Rumbu. In ya ga abin da ya gamsar da shi, zai ɗauke shi. Ya kuma ja kunne: kada a kawo masa irin bidiyon wayar nan da ba a ganin komai sai ƙeyar mutane. Karawa ɗaya ce, ba maimaici.

Ƙanena Sa'idu yana da wata 'yar kyamara da ba ta fi kwalin ashana ba, irin wadda ake ɗaurawa a goshi ko a ƙirji. Da ita yake ɗaukar kansa in ya shiga ruwa kamun kifi, ko ruwa ya taɓa ta ba ruwanta. Shi aka shirya zai yi ɗaukar. Ana saura kwana kaɗan sai tafiya ta kama shi, ya kawo ta gidanmu da igiyarta da takardarta, ya ce a nemi wani saurayi mai hankali a ba shi.

Na ce, "Saurayin me? Aje ta nan."

Ya ce, "Yaya, bari in nuna miki to. Wanga maɓallin shi ne na kunnawa, sannan akwai wani abu guda da ya kamata ki sani..."

Na ce, "Sa'idu, ni na goya ka. Ga takarda a hannuna, kuma na yi makaranta. Tashi kada mota ta bar ka."

Ya dube ni, ya dubi kyamarar, ya tashi.

Na kuwa karanta takardar nan, da tabarau da yatsa. Na gane caji, na gane jar fitilar da ke nuna tana ɗauka, na gane cewa idonta faɗi gare shi, don haka in kana nesa mutane za su fito kamar tururuwa. Shafukan ƙarshe ne rubutun ya ƙanƙance, ga tukunya a wuta, sai na ce ai sauran gaisuwa ce. Na ɗaura ta a goshi na bi awaki a tsakar gida don gwaji. Da na duba ɗan gilashin bayanta, ga awaki suna gudu, baki a buɗe, ba ko "mee". Nan na yanke hukunci: abar nan kurma ce. Hankali ma ya ba da haka. Abu kamar kwalin ashana, an sa masa ido, ina kuma wurin sa kunne?

Ranar kokawa muka isa Gwandu da hantsi. Goggo na ganina da abu a goshi bisa mayafi ta aje carbi.

"Ke kuma mi ya fito miki a goshi?"

Na ce, "Aiki ne, Goggo."

"Ke da ba ki san shina duniya ba, mi za ki yi wurin kokawatai?"

Na ce, "Ni ba don kowa zan je ba. Kyamara na raka."

Malam ya gwada cewa a ba wani namiji. Kallo ɗaya na yi masa ya koma gyaran hula.

Fili ya cika maƙil. Na hau wani amalanken shanu a bayan mata, na danna, jar fitila ta kama. Makaɗa kuwa sun saki ganguna har ƙirjin mutum na amsawa. Wanda ke kusa da kai ma sai ya sa baki a kunnenka kafin ka ji shi. Da aka kira Rumbu da Ɗan Goggo, na tuna maganar tururuwa, na sauko daga amalanke, na ratsa mata, na ratsa maza da gwiwar hannu, har na tsaya a bakin da'ira. Ba zan ɓoye muku ba, na ɗan yi 'yan maganganu. Amma cikin wannan kiɗa wa zai ji? Ni kaina ban ji kaina ba. An daɗe ana ja, sannan yaron ya shiga ƙarƙashin Rumbu ya taɗe shi, ƙato ya tafi ƙasa. Fili ya rikice. Na gyara mayafi, na kashe kyamara, na koma gida na ce wa Goggo, "Wai an ce ya yi kaye."

Kashegari Sa'idu ya dawo, ya zarce Gwandu. Ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, mu fara dubawa mu biyu kafin a nuna wa jama'a?"

Na ce, "Don me? Kana tsoron a ga na fi ka iya aiki?"

Ni da bakina na sa aka fito da talabijin tsakar gidan Goggo bayan la'asar, aka tada janareta, aka shimfiɗa tabarmi. Ni na aika a kira maƙwabta. Dattawan dangin Malam suka zauna gaba. Ɗan Goggo ya raɓe can jikin bango. Har Rumbu ya zo, don ashe abokin yaron ne, a fili kawai suke gaba. Ni kuwa na sa kujera a tsakiya, na harɗe ƙafa.

Hoto ya fito tas, kamar ka miƙa hannu ka taɓa. Dattawa suka fara jinjina kai. Sai kuma na ji wani numfashi, fuu, fuu, kamar saniya na hawan tudu. Ina shirin tambayar wane ne, sai muryar wata mata ta cika gidan.

"Ku matsa mini, kawuna kamar kasuwar goruna."

Muryata ce. Gangunan da na dogara da su can nesa ake jin su, ƙasa-ƙasa. Ni da tsakanin bakina da kyamarar bai kai tafin hannu ba, ni ce sarauniyar bidiyon.

Na dubi Sa'idu. Ya dubi sama.

Rumbu ya shigo fili a talabijin, matar nan ta ce, "Ji shi don Allah. Ciki kamar an juye masa dakan gari guda. Allah sa ya ƙoshi da fura ta yi masa nauyi."

Rumbu na gaske, da ke zaune bisa tabarma, ya shafa cikinsa ya ce, "Inna, ashe haka kike ganina."

Aka fara dariya ƙasa-ƙasa. Na ce a raina, in a nan abin ya tsaya, da sauƙi, ai an san bakina. Amma na san ba a nan ya tsaya ba. Na ce, "Sa'idu, rage murya." Goggo ta ɗaga hannu ta ce, "Wanda duk ya taɓa wanga talabijin, ni da shi."

Aka kama kokawa. Rumbu ya ɗaga yaron sama, ƙafafunsa suka bar ƙasa. Sai matar cikin talabijin ta kurma ihu.

"Bashiru! Bashiru ɗana, riƙe ƙafarka!"

Gidan ya yi tsit. Janareta kaɗai ke magana.

Ita kuwa matar ba ta yi shiru ba. Ta kira sunan ta sake kira, kamar mai biyan azumin da ya wuce ta. Ta yi masa kirarin da ban san ina da shi a ciki ba: na Goggo a baki, nawa a zuci, ɗan da aka haifa ana ruwan ƙanƙara. Ta ce, "Ya Allah ka tsare mini wuyansa, in ma kayen ne a ba Rumbu, ni dai wuyansa." Da Rumbu ya faɗi, hoto ya yi sama ya yi ƙasa, alamar mai kyamara na tsalle (mace mai jikoki, a gaban maza), ga guɗa har sau ban san nawa ba. Sannan abin da ya fi kashe ni: gefen mayafi ya rufe hoton, aka ji kuka, aka ji an fyace hanci, aka ji murya tana cewa, "Hannun nan ne fa da ya karye. Hannun nan ne."

Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na shige na ja ta na rufe. Na lulluɓe kaina gaba ɗaya da mayafi, na zama kamar buhun shinkafa bisa kujera.

Goggo ce ta fara magana. "Ashe kin san sunanai. Ni na ɗauka sai an rubuta miki kin karanta."

Gida ya fashe. Wani dattijo har da tari. Malam ya yi dariya har hularsa ta faɗi, yana cewa, "Kyamara ta raka, jama'a. Kyamara ta raka."

Daga cikin mayafi na ce, "Sa'idu, ana iya cire muryar?"

Ya ce, "Ana iya, Yaya. Abin da na so gaya miki ke nan tun ran nan, cewa tana ɗaukar murya, kinka ce ke kinka goya ni."

Na ce, "To a cire. Duka. Yanzu."

Sai na ji wata murya daga jikin bango, wadda ba ta taɓa haɗa mini jimla biyu a jere ba. Ba ni ya kalla ba, da kawunsa yake magana, kansa a ƙasa.

"Kawu, a cire a na koci. Nawa a bar shi yadda yake."

Ba wanda ya yi dariya a nan. Goggo ta ɗauki carbinta ta ce hayaƙin janareta ya shigar mata ido. Ni dai ina cikin mayafi, kuma ba ruwan kowa da abin da nake yi a ciki.

An aika wa koci nasa, shiru kamar bidiyon awakina. Ya ce bai taɓa ganin ɗaukar kokawar ƙauye da ta fito kusa haka ba, ya tambayi wane ne mai ɗaukar. Aka ce masa wata ce ta raka kyamara. Ya ɗauki yaron, yanzu haka yana sansani. Rumbu kuwa duk ranar kasuwa in ya biyo ta Kalgo sai ya tsaya gidanmu ya ce a dama masa furar da za ta yi masa nauyi, kuma ina dama masa.

A gidan suna na daina cewa zamani ya lalace. Ba don na canza ra'ayi ba, a'a, don da na buɗe baki sai wata ta ce, "Riƙe ƙafarka."

Abin da na koya bai da yawa. Takarda, in ka fara ta, ka kai ƙarshe, don a ƙananan rubutun nan ake ɓoye abin da zai tona ka. Kuma in ƙanenka ya ce akwai abu guda, ka bar shi ya faɗa, ko da kai ka goya shi.

Har yau ban sake kiran sunan Ɗan Goggo ba, ina nan kan al'adata. Ba na ma bukata. An ce ya yanko wurin ihun nan ya sa a wayarsa, duk lokacin da lambata ta kira, shi ke tashi. Ni da a da ba na kiransa ko da salla, yanzu duk Juma'a sai na danna. Wayar ta kira sunan a madadina, ya ɗauka, in ce, "An wuni lafiya?" ya ce, "Lafiya lau." Sai in kashe.