Ja Ko Kore A Ƙofar Asibiti

Idan mutum ya yi wa na'ura ƙarya da ɗan yatsa, bakinsa a rufe, za a rubuta masa zunubi? Na tambayi malamin unguwarmu, ya ce zai duba. Har yau yana dubawa.

Ga yadda abin ya same ni. Jiya na raka Inna, mahaifiyata, asibitin bayan layinmu karɓar maganin hawan jini. Maganin babu, wannan kuwa ba sabon labari ba ne. Sabon abu shi ne wani allo da aka kafa a bakin ƙofa, da fuska biyu a jikinsa: kore tana murmushi, ja ta ɓata rai. Ba ka fita sai ka danna ɗaya.

Ashe Mai Girma Babban Mai Tausayin Talakawa, mai kula da asibitocinmu, shi ne ya je kwas ƙasar waje, ya karanto halayyar ɗan Adam. Can ya gano cewa rashin magani ba ya damun majinyaci kamar rashin a tambaye shi yadda yake ji. Allah ya ƙara basira. Mu da muka yi karatunmu a jikin tsofaffin jaridu ina za mu gano wannan?

Na miƙa hannu zan danna ja, sai nas ta riƙe mini riga.

"Yallaɓai, rufa mana asiri. In ja ta yi yawa, za a ce asibitin ya gaza, a rufe shi, a mai da ku babban asibitin da ke wancan ƙarshen gari."

"In kore ta yi yawa fa?"

"Sai a ce kuna jin daɗi a haka, ba sai an aiko magani ba."

Na tsaya ina jinjina wannan tsari. Komai ya haɗu da komai, ba inda iska za ta shiga, balle ƙwaya.

Maƙwabcina tela yana kan benci. Ya ce shi wancan makon duka biyun ya danna lokaci guda. "Sai allon ya ce ina cikin ruɗani. Ka ga wancan mai jakar? Saboda ni aka turo shi, wai ya riƙa jin damuwar mutane."

Mai jakar ya matso, ya durƙusa gaban Inna cikin ladabi. "Baba, da aka ce miki babu magani, me kika ji a ranki?"

"Jiri."

"Madalla. Ba kowa ke iya fitar da abin da ke cikinsa haka ba."

Na ce ni dai ba zan danna kore ba, ko za a kwana a nan. Ban ji daɗi ba, ba kuma zan shaida cewa na ji ba. Na fara yi wa mai gadi bayanin bambancin ƙaryar baki da ta gaɓoɓi, yana gyaɗa kai, hannunsa na kan sakata.

Inna ta dafa bango ta miƙe. Ƙafafunta a kumbure suke, tsallaka titi ma sai ta huta a tsakiya.

"Kai, uban tunani," in ji ta. "In dai hana ni za a yi, gara a hana ni kusa da gida. Danna mu tafi."

Na danna kore. Allon ya yi ɗan kiɗa, ya gode mini, ya tambaya ko zan so 'yan'uwana su ma su zo.

Da hagu na danna dai, ko za a yi mini rangwamen zunubin.