An Ɗauka, Umma

Wani ne, ma'aikacin ofis, irin waɗanda ake miƙo wa takarda daga dama su miƙa ta hagu. Ba za a ce ba shi da wayo ba. Yana da shi, sai dai wayon nasa yakan iso ne bayan an tashi daga taro.

Suna zaune da matarsa a ciki da falo. Ita malamar firamare ce, siririya tun haihuwa, dangin ubanta ta biyo. Lafiyarta lau, tana ci tana ƙoshi. Abincin ne dai ba ya barin shaida.

Wata rana goggonta ta biyo ta gidan. Ta sha ruwa, ta dube ta sama da ƙasa, ta ce gida ya yi kyau, ta tafi. Kafin ta kai tasha rahoto ya riga ya isa wajen uwar yarinyar.

Sai ga waya. Surukar ce, wadda kowa ke kira Umma.

"Malam, an ce mini 'yata ta koma tsinke."

Mutumin ya miƙe tsaye, ya cire hula, ko da yake ba ganinsa take yi ba.

"Wallahi Umma, yadda kika ba ni ita haka take. Ban rage komai ba."

"To a ɗauko mini hotonta. Ba na waya ba, wannan yanzu ko akuya ana mai da ita amarya. Na takarda nake so, wanda zan riƙe in juya. In na ga ta rame, zan zo in kula da cinta da kaina."

Ya ajiye waya, ya juya ya dubi kujerar falo. Umma ta taɓa zuwa yin kwana biyu. Ita da 'yarta suka ɗauki ɗaki, shi aka bar masa doguwar kujerar falo, wadda doguwa ce kawai a suna. Kwana biyun Umma ya ga watanni sun shiga sun fita. Har yau in mutumin nan ya tsaya a layi, yana ɗan karkata hagu.

Matar ta ce, "To mene ne a ciki? Ga mai hoto nan a bakin titi."

Ya ce, "Mai hoto? Ai shi abin da ya gani zai ɗauka. Mu kuwa ba abin da ake gani muke nema ba."

Ya aro kyamara wajen abokin aikinsa, irin mai igiyar ratayawa a wuya. Ya kalli bidiyon koyarwa a waya har ya iya cewa "kusurwa" ba tare da ya yi dariya ba. Ya cire zanen gado ya rataya a ƙusar labule, ya ja kujera tsakiyar falo.

"Uwargida, zauna. Ki yi zaman masu jiki."

"Yaya masu jiki suke zama, Yallaɓai?"

"Ki bazu."

Ta bazu iyakar abin da Allah ya hore mata. Ya danna. Hoton ya fito tas, sai dai babu kai.

Ta leƙa ta ce, "Wannan kam Umma ba za ta ce na rame ba. Cewa za ta yi ka yanka ni."

Washegari ya tsayar da ita a gaban taga, don ya ji ana cewa haske shi ne komai. Hasken ya fito da kyau ƙwarai. A tsakiyarsa akwai wani baƙin layi sanye da ɗankwali.

Bai karaya ba. Kullum ya dawo daga ofis, ko takalmi bai cire ba, sai ya rataya kyamara. Ya hau tebur ya ɗauko ta daga sama, ta fito kai ne zalla da 'yan ƙafafu can ƙasa. Ya kwanta a ƙasa ya ɗauko ta, aka sami hoton ƙofofin hanci mafi inganci da aka taɓa yi a unguwar. Ya kunna fanka ya saita ta a gefen doguwar rigarta don iska ta cika ta. Rigar ta cika kuwa, ta zama buhu, amma ɗankwalin ya tashi ya faɗa kan kyamarar daidai lokacin da ya danna.

Maƙwabcinsu, wani dattijo da ya taɓa riƙe kyamara a ƙuruciya, ya ji ƙarar jan tebur ta yi yawa, ya ƙwanƙwasa.

"Ɗana, ko in zo in taimaka maka?"

"A'a Baba, na gode. Matata ce, ni zan yi abina."

Aka kwashe makonni a haka. Umma tana kira tana tambaya, shi yana cewa ana kan aiki. Matar kuwa ta koyi makin jarrabawar ɗalibanta a tsaye, hannu ɗaya a ƙugu.

Ranar nan ya shigo da fuskar wanda aka yi wa wahayi. Ya wuce ɗaki ya fito da filo.

"Sa wannan a cikin riga."

"Filo?"

"Daga ƙirji zuwa ƙasa. Zai cika ki ko'ina daidai. Sannan ki ɗan tara iska a kumatu. Ba da yawa ba, kar a ce ciwon haƙori ne."

Ta dube shi irin kallon da take yi wa yaron da ya ce akuya ta cinye masa littafi. Amma ita ma ta gaji. Ta tura filon cikin doguwar riga, ta tsaya a gaban zanen gado, ta ɗan juya gefe kamar yadda ya umarta.

Shi kuma ya shiga murɗe-murɗen kyamara. Ya matsa gaba, ya ja baya, ya goge gilashi da bakin riga. Filo kuwa ba ya jiran kowa. Ya soma gangarowa a hankali.

"Yallaɓai, abin nan fa yana zamewa."

"Tare shi da hannu. Kar ki motsa."

Ta sa hannu ɗaya ta tallafe shi ta ƙasa. Ɗayan ta kai bayanta, don tsayuwa ta sa ƙugunta ciwo. Gajiya ta sa ta sunkuyar da kai tana kallon filon, ko zai faɗi.

Ƙyas. Ƙyas.

Ya duba, ya yi murmushi, ya rufe kyamara.

"Mu gani."

"Sai an wanke. Amma ki sani, kin yi jiki."

Da safe ya kai shagon wanke hoto. Mai shagon ya fito da shi, ya duba, ya sa a ambulan, ya miƙo da hannu biyu.

"Masha Allah. Allah ya sauke lafiya."

"Amin," in ji mutumin. "Direban ma na san shi, ba ya gudu."

Ya wuce tasha kai tsaye ya ba da saƙon, matar ba ta ko gani ba.

Yana ofis washegari waya ta yi ƙara. Ya miƙe, ya cire hula.

"Malam! Na ga saƙo. Ashe an ɗauka!"

"An ɗauka, Umma."

"Shi ne kuka yi shiru?"

"Ai so na yi ki gani da idonki."

"Kai madalla! Allah ya yi maka albarka. Na daɗe ina jira, kunya ce ta hana ni matsa muku."

Shi dai bai tuna wata kunya ba, amma yabo ba abin da yake samu kullum ba ne. Ya gyara tsayuwa.

"Ai ba ƙaramin fama aka sha ba, Umma. Tun da kika nuna kina so na duƙufa. Kullum na dawo aiki, ko takalmi ba na cirewa."

"To, to. Ya isa."

"Da farko ita ce ba ta ba da haɗin kai ba. Wai ta gaji, wai tana da maki."

"Malam, na ce ya isa."

"Har tebur na hau, Umma."

Abokan aikinsa biyu suka daina buga takarda.

"Malam," in ji Umma a hankali, "ni fa surukarka ce."

"Shi ya sa na dage. Maƙwabcinmu ma ya ce zai zo ya taimaka, na ce a'a, matata ce, ni zan yi abina."

"Inna lillahi! Wane irin maƙwabci ne wannan?"

"Dattijo ne, ya ce ya ƙware tun yana saurayi."

"Ku tashi daga gidan nan!" Ta ja numfashi, ta sassauta murya. "Amma girman nan fa? Anya ɗaya ne?"

"Gaskiya biyu ne. Na biyun ne bai fito sosai ba."

Abin da ya ji daga nan guɗa ce, sai da ya janye wayar daga kunne. Ta ce kar ya bari matar ta ɗaga ko bokiti, ta kashe.

Ya dawo gida yana tafiyar wanda aka ƙara wa girma.

"Uwargida, magana ta ƙare. Umma ta yaba aikina har da guɗa. Ba zuwa, ba kujera."

"Guɗa? Don hoto?"

"Ke ba ki san darajar fasaha ba."

Ita ma Umma ta kira ta, amma ba ta ce komai ba sai "Yaya jikin?" Da yake tana ɗan mura, ta ce da sauƙi. Umma ta ce haka abin yake, a yi ta haƙuri, a riƙa ɗan tattaki. Matar ta ajiye waya tana mamakin yadda maganin mura ya canza.

Ranar hutu da hantsi, mutumin yana kwance a gadonsa, ya miƙe ƙafa har ƙarshe don jin daɗin abin da ya tsira da shi, sai ya ji tasi ta tsaya a ƙofa. Ya leƙa. Direba yana sauke akwati. Ya sauke wani. Ya sauke gidan sauro ɗan ƙarami, ya sauke wani irinsa. Sannan ya kwance bahon wanka na roba daga saman mota, ruwan hoda, da wani shuɗi a cikinsa.

A ƙarshe aka sauke Umma.

Ta shigo da sallama, fuska cike da fara'a, hannu a buɗe. Matar ta fito daga kicin ɗauke da bokiti cike da ruwa, cikinta shafal kamar allon guga.

Fara'ar ta tsaya a inda take.

"Ina yake?"

"Wa, Umma?"

"Ina suke?"

Umma ta buɗe jaka ta zaro hoton, wanda har an sa masa firam. Matar ta ajiye bokiti ta karɓa. Karo na farko ke nan da ta ga aikin mijinta. Ga ta a tsaye a gefe, kumatu sun ciko, hannu ɗaya a baya, ɗaya a ƙarƙashin wani tudu, tana kallonsa da tausayi irin na uwa. In za a yi adalci, hoton ya yi kyau. Shi ne kaɗai mai kyau da ya taɓa ɗauka.

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta miƙa wa mijin.

Ya durƙusa.

"Umma, filo ne."

"Filo."

"Na gado."

"Ba kai ka ce mini an ɗauka ba?"

"Hoton, Umma."

"Biyun fa?"

"Hotuna."

"Teburin fa?"

"Don kusurwa."

Umma ta nemi kujera ta zauna. Ta dubi bahon, ta dubi 'yarta, ta dubi sirikinta.

"Na gaya wa dangin uwa. Na gaya wa dangin uba. Goggonta tana can tana saƙa hula ta huɗu. Matan layinmu har mota suka rako ni." Ta nuna bahon da haɓa. "Ba zan koma da abin nan babu kowa a ciki ba. Ina nan sai an ɗauka na gaskiya, an sauke, na yi wanka da hannuna." Ta sake duban 'yarta. "Kuma ga shi ta rame. A shigar mini da kaya ɗaki."

Ya shigar da akwati. Ya shigar da ɗayan. Umma ta bi bayansu ta haye gado, ta ce katifar ta fi ta wancan zuwan.

Ya fito falo ya tsaya gaban doguwar kujera. Ita ma kamar tana kallonsa. Ya yafito matarsa, ya rage murya.

"Uwargida, ki fahimtar da ita mana. In tana ɗaki ni ina falo, abin da take jira ɗin ta ina zai zo? Haka zan yi ta kwana ni kaɗai?"

Matar ta ce, "Wa ya ce kai kaɗai?"

Ta shiga ɗaki ta fito da filon, ta rungumo shi a hankali, ta ɗora masa a hannu.

"Ungo ɗanka. Ka lallaɓa shi, kar ya yi kuka ya tashi Umma."