Famfonmu Ya Kawo Ruwa a Jikin Bango

Jama'a, wandona na fita kunya ya gama yawo jiya. Na zauna a benci a ƙofar ɗakin nunin zane na unguwarmu, na tashi da koren layi biyu a mazaunai. Ashe da safen nan aka shafa wa bencin fenti saboda babban baƙo. An shafa wa ƙofa shuɗi, an shafa wa duwatsun bakin hanya fari, har wata tsohuwar taya da ta shekara a kwata ta samu rabonta. Kun dai san tsarin. In manya za su zo ba a gyara, shafewa ake yi.

Ni ba mutumin zane ba ne. Maƙwabcina Baba Mai Fenti, mai rubuta allunan shaguna, shi ya ja ni. Famfon layinmu ya daɗe da ƙafewa, har gizo-gizo ya tara iyali a bakinsa. Matar Baba, wadda duk layin ke kira Inna, ita ke jido ruwa daga bayan tasha da ciwon bayanta. Mun yi ta sintiri a ofis har masu gadi suka fara tambayar lafiyar yaranmu. Da ƙyar aka ce famfon ya shiga ayyukan bana, saura Mai Girma Mai Almakashi, gwanin yanke zaren buɗe ayyuka, ya sa baki. Ana nan sai Baba ya ji an sa gasar zane, kuma Mai Girman ne zai buɗe.

"Takarda ba ya karantawa," in ji Baba. "Amma zane dole ya kalla, tunda za a ɗauke shi hoto yana kallo."

Ya zana famfon a bushe ƙayau, da jerin jarkoki, da Inna can ƙarshen layi ta dafe ƙugu. Ya kai wa alƙalan gasa, waɗanda suke zaɓen abin da ya cancanci bango. Shugabansu, ransa ya daɗe, masani ne a harkar zane tun ranar da aka naɗa shi.

Ɗakin tsohon sito ne mai fanka ɗaya. Kuma gaskiya mutanen unguwa sun yi ƙoƙari. Wata tela ta haɗa kasuwa guda da ragowar yadi, na daɗe a gabanta. Wani direba ya zana mahaifiyarsa tana barci. Hotunan Mai Girma kuwa sun cinye bango guda, har da wanda ya yi kama da shi.

A tsakiya muka tarar da zanen Baba, an maƙala masa jan ƙyalle, shi ne na ɗaya. Sai dai famfon yana ta ambaliya da ruwa shuɗi shar, ko bushewa bai yi ba.

Baba ya matsa kusa da shugaban alƙalai. "Ranka ya daɗe, ni ban zana ruwa ba."

"Mun lura," in ji shi. "Kwamiti ya ga ka yi mantuwa. Ragowar fentin ƙofa ne muka taimaka maka da shi."

"Ai famfon ba ya kawowa."

"Haba Baba, baƙo fa za mu yi. Kai a gidanka haka kake tarbar baƙo, famfo a bushe?"

Kafin Baba ya haɗiye wannan, jiniya ta tashi. Mai Girma ya shigo, ya yanke zare, aka kai shi gaban zanen. Baba ya buɗe baki, mai hoto ya ce ya yi murmushi.

"Wannan ba famfon da ake damuna a kansa ba ne?" in ji Mai Girma.

"Shi ne, ranka ya daɗe," in ji alƙalai baki ɗaya.

"Ashe har an gama. Madalla." Ya waiwayi na bayansa. "A cire shi daga ayyukan bana, a duba masu buƙata."

Aka yi tafi. Ni ban tafa ba, hannuwana suna kare bayan wando. Amma wallahi raina ya ɓaci, na kasa haɗa ido da Baba. Aka miƙa masa kofi mai sheƙi, ya riƙe shi kamar an ba shi ajiyar jaririn wani.

Da muka koma gida muka tarar da Inna a ƙofa tana ɗaure zani a ƙugu. Ta karɓi kofin, ta leƙa cikinsa, ta ce ko alwala ba zai yi ba. Na nuna mata zanen a wayata. Ta daɗe tana kallo.

"Ko a nan ɗin ma ba a jarkata yake zuba ba," ta ce.

Ta ɗauki jarka ta nufi bayan tasha. Baba ya ajiye kofin a kan dakali, ya ɗauki ɗayar ya bi ta.

Ni dai roƙona ga masu girma alƙalai, in fentin ya yi saura, a daure a zo a zana mana wutar lantarki.