Ranar da Malam Bulus Ya Sanar da Aurensa

Ana taron malaman sashenmu a Wudil na zauna can baya da iyafis a kunne, ina kallon ƙarshen wani katun na Japan. Na tabbata ba mai ganewa, don na ƙware a gyaɗa kai kamar ina sauraro. Jarumai biyu ne ke karta a wani birni mai shawagi a sama, wanda aka cinye ya rasa birnin. Gwanina ya miƙa hannu zai ɗauki wani kati.

Na bugi tebur na ce, "Kada ka yarda, tarko ne!"

Ashe Malam Bulus ne tsaye, yana sanar da ranar aurensa. Shugaban sashe ya cire tabarau ya dube ni ya ce, "Dakta, ka san yarinyar ne?"

Har yau in matar Bulus ta gan ni, sai ta rusuna ta ce, "Dakta, tarko na gaisuwa."