Mai Kunne Ta Rasu a Cikin Jiƙaƙƙen Buhu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da wani tsoro da ya hana ni cin tuwo kwana huɗu, ni Mamane Ɗan'azumi, ma'aikacin awon ƙasa mazaunin Birnin Ƙonni, nake sanar da 'yan uwa da abokan aiki rasuwar na'urata ta sauraron ƙasa, wadda aka fi sani da Mai Kunne. Ta rasu ranar Talata da la'asar, cikin bazarar bana ta 1991, a ƙauyen Tsamiyar Kwari da ke yankin Illela, bayan shekara tara a hannuna. Na so in ja mata Innalillahi, liman ya ce ba a ja wa akwati. Sai na ja a zuciyata.

Ga waɗanda ba su san marigayiya ba, akwati ce ruwan toka mai ɗan gilashi a goshi. Kunnuwanta goma sha biyu ne, kowanne da tsinken ƙarfe, ana kafa su a jere cikin ƙasa, waya ɗaya ta haɗa su. Sai in ajiye farantin ƙarfe a ƙarshen layin, in ɗaga guduma in maka masa. Idan ƙasar mai tauri ce, bugun ya isa kunnuwan nan take. Idan mai laushi ce, sai ya yi ta jan ƙafa. Ita kuwa ta ce “tiit”, ta nuna zanen a gilashi, in na danna mata ta ce “kirrr”, ta tofo shi a kan takarda. Da wannan takardar ake sanin inda gini zai tsaya in ƙasa ta girgiza, da inda zai zube a kan mutane.

Na san abin da ake faɗa a bayana, wai ƙasarmu ba ta girgiza, aikin banza muke yi. Mutanen ƙasar Gine ma haka suke zato kafin girgizar 1983, ni da kunnena na ji labarinsu a rediyo. Kuma ko ƙasa ba ta motsa ba, laka ba ta riƙe bango.

Marigayiya ba ta taɓa yi wa kowa kara ba. Ta faɗa wa manya gaskiya a Malbaza, ta faɗa wa talakawa a Dogarawa, da murya iri ɗaya. Ta sha jijjiga a bayan mota ba ta yi ƙorafi ba. Aibinta biyu ne, kuma ba zan ɓoye ba don ta mutu. Ba ta son hayaniya: kukan jaki, wucewar motar siminti, ko taɓarya ɗaya a can bayan gari, duk sai ta ji, ta dagula zanen. Sannan ba ta son zafi.

Abin da ya kai mu Tsamiyar Kwari shi ne ɗakin haihuwa da za a gina. Wuri biyu aka nuna mana. Ɗaya tudun marmara ne a gabashin gari. Ɗayan fili ne shimfiɗaɗɗe a bakin hanya, wanda ɗan kwangila Lurwanu yake so, saboda motar siminti za ta sauke kaya ba tare da hawan tudu ba.

Da na ce aikin yana buƙatar shiru, maigari ya yi dariya, ya ce shi bai isa ya hana mata daka ba. Uwani ce ta isa. Ita ce ungozomar garin, shekara talatin tana karɓar haihuwa, kuma ta raka mata da yawa a amalanke zuwa Illela, wasunsu ba su kai ba. Gida gida ta bi. Safiya biyu cur ba a ji taɓarya ko ɗaya a garin ba, maza suka tafi sharar gona ba fura, ba wanda ya yi gunaguni. Ban taɓa ganin an girmama marigayiya haka ba.

Ranar Litinin muka auna tudu. Bugu ya wuce kamar kibiya, ta ce “kirrr”, na ninke takarda na sa a aljihu. Ranar Talata muka auna filin bakin hanya. Na buga, na duba gilashi. Sama ƙasar tauri gare ta, amma in aka nutsa tsayin mutum biyu, laka ce zalla, mai zurfi. Na sake bugawa, haka. Kafin in danna mata ta fitar da takarda, sai gilashin ya fara rawa, rana ta yi mata yawa. Na kashe ta, na kai ta zauren Uwani, na ce a bar ta ta huce, zafi ne ke kashe ta. Na tafi sallar azahar, daga nan aka tsare ni da abinci a gidan maigari.

Da na dawo na tarar an lulluɓe ta da buhu sharkaf da ruwa, an jingina ta da randa. Uwani na zaune a gefenta da moɗa, tana ƙara yayyafa mata.

“Malam, kai kac ce zahi ka kashe ta,” in ji ta. “Abin da nika yi ma ɗiyan mutane in jikinsu ya yi zahi, shi niy yi mata. Taɓa ka ji, ta yi sanyi.”

Na taɓa. Ta yi sanyi kuwa. Na shanya ta, na haɗa batir, ta ce “tii”, ba ta ƙarasa ba. Wani ɗan hayaƙi ya fito ta bayanta, shi ke nan.

Kada kowa ya ɗora wa Uwani wannan mutuwa. A rahoton da na kai buro, wato ofishinmu, na rubuta cewa sakacina ne, kuma gaskiya na rubuta, don ni na faɗi rabin magana na tafi cin tuwo. Ita ba ta ƙara kallon idona ba tun ranar, kuma wannan ya fi mutuwar ci mini rai.

Na faɗa wa shugabana abin da na gani a gilashi. Ya ce abin da ido ya gani ba ya shiga fayil, wata na'urar kuma sai bayan damina. Lurwanu ya ce takardar da ke hannuna ta yabi tudu, amma ba ta zagi bakin hanya ba. Jibi Litinin zai fara haƙa harsashi. Ina rufe ido sai in ga mata kwance da jarirai a ƙarƙashin rufin siminti, laka a ƙarƙashinsu, kuma a duniyar nan mu biyu kaɗai muka ga lakar, ɗaya ta mutu.

Marigayiya ta bar kunnuwa goma sha biyu, duk lafiyarsu ƙalau, sai dai ba wanda za su kai wa labari. Ta bar guduma mai kilo takwas, da faranti wanda ya sha duka shekara tara saboda ita, da batir ɗaya, da takarda guda a aljihuna. Ta bar ni.

Za a yi jana'iza ranar Litinin da hantsi, a filin bakin hanya, kafin a sa diga. Za a ajiye gawar a kan tabarma, a ajiye ƙwarya cike da ruwa a gefenta. Matan gari za su kewaye ta su daki ƙasa da taɓare gaba ɗaya, kowa ya ga yadda ruwan zai yi. Daga nan a ɗauki gawa da ƙwarya a hau tudu, a maimaita. Na gwada jiya da guduma ni kaɗai: a bakin hanya ruwan ya yi ta kaɗawa, a tudu da ƙyar ya motsa. Na san ƙwarya ba ta fitar da takarda. Amma maigari zai zo, an aika wa shugabana, Lurwanu kuwa dole yana wurin, kuma dukkansu suna da ido.

Ba a buƙatar goro ko dabino. Duk macen da ta yi mana shiru safiya biyu, muna roƙonta ta zo da taɓaryarta. Uwani, ke nake roƙo musamman, ki fito daga ɗaki. Ke za ki fara bugawa.